Ƙurar kan ganye daban, abin da saiwa ta sha daban

Na daɗe ina raka ɗalibai daga Garwa zuwa ƙauyukan Poli a arewacin Kamaru, inda duwatsun Kitongo ke ɗauke da yuraniyom, ma'adini mai fitar da tururin nukiliya, muna ɗebo ƙasa da ganye a kai awo, a ga yawan irin waɗannan sinadarai a cikinsu. Fuskoki na canjawa kowace shekara, kurakuran kuwa suna nan yadda na san su. Na gaji da maimaita magana a cikin mota, shi ya sa na rubuta.

Mafi muni shi ne auna ganye ba a wanke ba. Ni ma na taɓa yi, kuma wata ce ta ɗanɗana kuɗarsa. Cikin hunturu ne, hazo ya rufe gari. Na tsinko zogale da alayyafo a wani lambu da ke bakin hanya, na shanya, na daka, na aika. Sakamako ya fito sama da yadda na zata. Ban yi haƙuri na sake gwadawa ba, na je na faɗa wa mai gari. Kafin ranar kasuwa zance ya zaga cewa ganyen garin guba ne. Wata tsohuwa mai sayar da zogale ta tare ni a bakin rijiya, ta ce, "Ɗana, me na yi maka? Kwando uku sun yanƙwane a gabana, ko tayi babu." Da na koma na wanke ganyen lambun sau uku, adadin ya sauko daidai da na wasu wurare. Ashe ƙurar ƙasar wurin na auna. Na bi gida gida ina gyara magana, amma masu sayenta ba su dawo ba a wannan rani.

Ku fahimci dalili. Saiwa ba ta cika jan yuraniyom ba, ɗan abin da ta ja ma yawanci a cikinta yake tsayawa. Sinadarai masu tururin da ke hawa sama zuwa ganye su ne masu kama da abincin shuka: radiyom da istirontiyom suna bin hanyar kalsiyom, siziyom yana bin ta fotasiyom. Shi ya sa bayan hatsarin tashar nukiliya ta Fukushima na 2011 manoman shinkafa a Japan suka ƙara takin fotasiyom, don shuka ta ƙoshi ta rage shan siziyom. Ni dai yanzu kowane ganye kashi biyu nake raba shi, wankakke da marar wanki. Wasu abokan aiki na cewa ɓata lokaci ne. Ban yarda ba, domin mai cin kwaɗo yakan haɗiye ƙurar ma.

Na biyu, na'urar Gaiga, 'yar na'urar hannu mai ƙara idan ta ji tururin nukiliya. Haba ƙannena! Sai ka ga yaro ya ɗora ta kan damin dawa, ta yi ƙyas ƙyas, ya hau ɗaukar hoto zai saka a Facebook. Wa ya koya muku haka? Ko a ɗakin kwananku za ta yi ƙara. Fotasiyom 40, nau'in fotasiyom mai fitar da tururin, yana cikin ayaba da wake da jikinka kai mai riƙe da ita. Ba ta gaya maka wane sinadari ne, balle yawansa a kilo. Aikin babbar na'urar ɗakin gwaji ne wannan, mai ba da lissafi da bekerel, ma'aunin tururin nukiliya. Idan kuma babbar na'urar ta nuna ɗan siziyom 137, nau'in siziyom mai fitar da tururin, kada ka ɗaga hankalin mutane: ragowar gwaje-gwajen bama-baman nukiliya ne na shekarun 1950 da 1960, har da na Faransa a Reggan ta Aljeriya a 1960. Rabin siziyom ɗin yana gushewa duk shekara 30.

Sauran ƙanana ne. Kada ka gwama ƙasar karal, wato yumɓun da ake shuka dawar rani ta muskuwari a kai, da jigawa, yumɓu yana riƙe siziyom, rairayi yana sakinsa. Rubuta ko ɗanye ka auna ko busasshe. Wanke fartanya tsakanin rami da rami. Suna a jikin leda, ba a ƙwaƙwalwa ba.

Toka kuma kusan kowa yana tsallake ta. Wuta ba ta kashe waɗannan sinadarai, tattara su take a ɗan abin da ya rage. A gidajen da ake tace ruwan toka a zuba a miya, sai na roƙi uwargida ta ɗebo mini cikin gwangwani, in tambaye ta karan wace gona ta ƙona.