Ceri da ciwon gaut: kurakuran da ke hana ciwon lafawa

Wanda gaut ya taɓa tayarwa da tsakar dare, babban ɗan yatsan ƙafarsa ya kumbura ya yi jajir, ko zanen rufa ba ya son ya taɓa wurin, duk abin da aka ce masa magani ne zai gwada. Shi ya sa maganar ceri, 'ya'yan itacen nan ƙanana jajaye na ƙasashen sanyi, ta bazu a tsakanin masu wannan ciwo, wai yana maganinsa. Maganar tana da tushe, amma yadda ake aiki da ita ne ke jefa mutane cikin wahala.

Babban kuskuren shi ne ajiye maganin asibiti a koma wa ceri. Binciken da aka fi kafa hujja da shi masana na Jami'ar Boston a Amurka ne suka fitar a 2012, kan mutum 633 masu gaut. Sun ga cewa cin ceri cikin kwana biyu yana tafiya tare da raguwar haɗarin tashin ciwon da kashi 35 cikin ɗari. Abin da masu yaɗa labarin ba sa faɗa shi ne, raguwar ta kai kashi 75 ga waɗanda suka haɗa cerin da allopurinol, ƙwayar da ke rage yurik asid a jini, wato sinadarin da taruwarsa a gaɓoɓi ke kawo gaut. Kuma binciken bibiyar abin da mutane ke ci ne kawai, bai tabbatar da cewa cerin ne ya yi aikin ba. Da aka gwada ruwan ceri mai tsami a kan masu gaut a New Zealand na tsawon kwana 28, sakamakon da ya fito a 2020 ya nuna sinadarin bai sauka ba. Don haka mai son ceri ya ci, amma ƙwayarsa na nan daram.

Kuskure na gaba shi ne auna sauƙi da rashin jin zafi. Gaut yakan tashi ya kwanta da kansa cikin mako ɗaya ko biyu, ko an sha wani abu ko ba a sha ba, sai mutum ya ɗauka abin da ya ci ne ya warkar da shi. Alhali sinadarin na nan yana taruwa a gaɓoɓi kamar ƙananan allurai, har wata rana ya fito ƙulu-ƙulu a gwiwar hannu ko gefen kunne, ko ya zama tsakuwa a ƙoda. Gwajin jini ne ke faɗin gaskiya. Abin da likitoci ke nema shi ne yurik asid ya sauka ƙasa da miligiram 6 a kowace desilita ta jini, ya kuma zauna a nan.

Sai kuma irin cerin da ake saye. Ruwan kwali da aka cika da sukari yana iya ɓata abin da ake son gyarawa, domin sukarin furuktos da ke cikin irin waɗannan abubuwan sha yana ƙara yurik asid. Haka jajayen nan masu sheƙi da ake ɗorawa a kan kek, an jiƙa su ne a ruwan sukari da kala. A duba bayan kwali kafin a biya kuɗi, mai ciwon suga kuwa ya ƙara kula. A binciken Boston 'ya'yan ceri goma zuwa sha biyu ake ƙirgawa a ci ɗaya, kuma wuce ci uku cikin kwana biyu bai ƙara komai ba. A kasuwannin Najeriya wasu kan kira agwaluma da sunan ceri, to ita bishiya ce daban, kuma ba a kanta aka yi waɗannan bincike ba.

Abin da ya fi damuna shi ne mutum ya kashe kuɗi masu yawa kan ceri na shigowa, da yamma kuma ya zauna gaban mai tsire a yanko masa hanta da ƙoda. Kayan ciki, kifin gwangwani irin sadin, lemon kwalba da giya duk suna tayar da ciwon. Rage su, da shan ruwa sosai musamman lokacin zafi da tsakanin buɗa-baki da sahur, da rage ƙiba sannu a hankali, sun fi kwandon ceri amfani.

Wasu kuma sukan fara allopurinol, ciwon ya tashi a makonnin farko, sai su ce maganin bai karɓe su ba, su jefar. Wannan tashin sananne ne, yana faruwa ne yayin da yurik asid ɗin da ya daɗe da taruwa a gaɓoɓi ke narkewa. Shi ya sa ake farawa da kaɗan, miligiram 100 a rana ko ƙasa da haka, a riƙa ƙarawa, a haɗa da colchicine, maganin da ke hana kumburin tashi, ko makamancinsa na wata uku zuwa shida. Ba a dainawa don ciwo ya tashi. Idan dai ƙuraje suka feso a jiki ko zazzaɓi ya biyo baya, a daina shan maganin nan take a ga likita a ranar.

A kuma kai wa likita duk ƙwayoyin da ake sha. Wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari, irin su hydrochlorothiazide, suna ɗaga yurik asid, kuma ana iya sauya su da wasu. Mai matsalar ƙoda ko gyambon ciki kuwa, kada ya sayi diclofenac, maganin kashe zafi, a kemis ya yi ta sha da kansa duk lokacin da ƙafa ta kumbura.