Kafin ku bar asibiti, ku kai ledar tsofaffin magunguna

'Yan uwa mazauna Jidda da Makka, ga wata dabara.

Ranar da za a sallami mai hawan jini, ku tattara duk maganin da yake sha a gida a leda guda, ku kai wa likita ko mai ba da magani. A jera su kusa da sababbin, a ce muku wanne za a ci gaba da shi, wanne za a daina sha. Ku ɗauki hoton takardar magungunan a waya.

Dalili kuwa, magani ɗaya yana da suna fiye da ɗaya. Norvasc da Amlor duk amlodipine ne, maganin hawan jini. Mahaifiyata ta kusa haɗa su biyu, ta ɗauka daban-daban ne. Da ta yi haka, jini zai faɗi, jiri ya ɗebe ta, ga zafin nan na Saudiyya. Ga kuma asarar riyal wajen sayen abin da kake da shi.

Ku duba ƙaramin sunan da ke ƙasan babban rubutu a kwali, shi ne na ainihi.

Kada ku manta Brufen da Voltaren na ciwon gwiwa, suna ɗaga jini. A nuna su su ma.

Amma leda ba ta maye gurbin awon hawan jini. A gida a zauna minti 5, a auna safe da yamma, a rubuta har ranar komawa asibiti.

In awon ya kai 180/120 tare da ciwon ƙirji, karkacewar baki ko nauyin harshe, kada a jira wannan ranar. A kira 997, lambar motar asibiti ta gaggawa, nan take.