Kurakuran da sababbin matuƙan siririn jirgi suke maimaitawa a hanyoyin ruwan Ingila

Kowace bazara, da zarar kamfanonin haya sun fara ba da jirage, sai in ga kurakuran bara sun dawo a hannun sababbin mutane, kuma na gaji da tsayawa a bakin ruwa ina ɗaga murya. Siririn jirgin da ake yawo da shi a hanyoyin ruwan da aka haƙa a Ingila da Wales faɗinsa ƙafa 6 da inci 10 ne, tsawonsa kuwa yakan kai ƙafa 70, kuma tun da doka ba ta yarda a wuce gudun mil 4 a awa ba, mutane da yawa suna ɗauka cewa babu abin tsoro a cikinsa. Alhali kuwa ƙarfe ne mai nauyin tan da yawa, ba shi da birki, kuma ba ya tsayawa sai an sa inji a ribas tun da sauran tazara.

Kuskuren da ya fi kowanne muni yana faruwa ne a cikin lok, wato ɗakin ruwa mai ƙofofi gaba da baya wanda ake ɗaga jirgi ko a sauke shi a ciki. A ƙarƙashin ƙofar sama, wato ta ɓangaren da ruwa ya fi tudu, akwai wani dakali da ruwa ke ɓoyewa idan lok ya cika, kuma an shata iyakarsa da farin fenti a bakin bango tare da kalmar CILL. Idan ana sauka, matuƙi ya bar bayan jirgi ya ja kusa da ƙofar, to ruwa yana janyewa bayan jirgin zai hau dakalin ya maƙale, goshin ya ci gaba da yin ƙasa har ruwa ya shiga ta gaba. A shekarata ta biyu da fara tuƙi wannan ya same ni. Na juya ina amsa tambayar wani mai wucewa, ban san jirgin ya sulale baya ba sai da na ji sandar tuƙi ta ƙage a hannuna, kwanuka suka fara zubowa a ciki, ga kuma 'yata ƙarama tana barci a ɗakin gaba. Allah ya sa matata tana tsaye a kan ƙofar ƙasa, ta rufe mafitar ruwan, wato 'yar kafar da ake buɗewa ruwa ya fita daga lok, nan take, sannan muka buɗe ta sama kaɗan kaɗan har jirgin ya sake tasowa. Ƙarfen tuƙin da ke cikin ruwa a bayan jirgi ya lanƙwashe, gyaransa ya ci kuɗi mai yawa, hutunmu kuma ya ƙare a ranar, kuma har yau idan na tuna yarinyar nan gabana yakan faɗi.

Saboda haka ba na sassauta wa kowa a kan wannan. Wanda ke riƙe da sandar tuƙi a cikin lok ba shi da hira, ba shi da waya, ba shi da ɗaukar hoto. Idonsa ya zauna a kan farin layin nan, ya riƙe jirgin gaba da shi. Wanda ya buɗe mafitar ruwa kuwa kada ya kuskura ya tafi ya bar ta don ya shirya lok na gaba, domin idan abu ya ɓaci, hannunsa ne kaɗai zai iya tsayar da shi cikin daƙiƙoƙi. Wasu ƙwararru suna ganin na tsananta, amma a jirgina babu yaron da ke zama a ciki sa'ad da muke sauka, kuma ba mu fara buɗe komai sai na ɗaga hannu an mayar mini da alama. Haka nan ba a ɗaure igiya tamau a jikin turke lokacin sauka, domin ruwa zai tafi ya bar jirgin a rataye.

Na biyu shi ne sakaci da ƙarfen murɗawa da ake buɗe mafitar ruwa da shi. Sau nawa zan ga mutum ya murɗa, ya bar ƙarfen a maƙale, ya juya baya! Idan ɗan harshen ƙarfe da ke tare haƙoran abin murɗawar ya kuɓuce, ƙarfen zai juya da ƙarfin da ke iya karya hannu ko zubar da haƙora. A sa harshen kafin a fara murɗawa, a zare ƙarfen da zarar an gama, kuma a sauke mafitar a hankali maimakon a sake ta ta faɗi.

Yawancin wannan sakaci gaggawa ce ke haifar da shi, ita kuwa daga mummunan lissafi take fitowa. Mutum zai duba taswira ya ga mil 20, ya ce yini ɗaya ya isa, ya manta cewa a Tardebigge, kan hanyar Worcester zuwa Birmingham, akwai lok 30 a jere cikin tazarar da ta ɗan haura mil 2, a Caen Hill kusa da Devizes kuma akwai 29. Ni dai ina lissafin mil 3 a awa da minti 15 ga kowane lok, sannan ba na tsara tafiyar da ta wuce awa shida a yini.

Sauran kurakuran gajeru ne. Ana tura sandar tuƙi hagu idan ana son goshi ya nufi dama, kuma bayan jirgi yakan fita waje a kwana. Idan an haɗu da wani jirgi, kowa ya kama damarsa, ko da yake a titin Ingila hagu ake bi. A rage gudu sosai kusa da jiragen da aka ɗaure, domin akwai masu zama a ciki da tukunya a kan wuta. Kada a kwana a wurin ɗiban ruwa ko a mashigar lok. Kafin a buɗe murfin da ake cire leda da ciyawa daga farfela, a kashe inji a zare makulli a sa a aljihu, bayan an gama kuma a ɗaure murfin sosai, domin ta nan ruwa ke nutsar da jirgi ba tare da an ankara ba. Na'urar gargaɗin iskar kabon monoksaid mai guba ma a gwada ta tun daren farko.

Wanda zai bar hanyar da aka haƙa ya shiga kogi irin Trent ko Severn, ya sani cewa ruwan can yana gudu kuma yana cika bayan ruwan sama. Ya tanadi anga da sarƙa a ɗaure a jikin jirgi, kowa ya sa rigar kariya, kuma idan zai tsaya a gaɓa ya fara juya goshin jirgin ya fuskanci inda ruwan yake fitowa.