Yadda ake gyara ƙorama domin siririn mazarin Coenagrion mercuriale

Siririn mazari shi ne wanda ke naɗe fukafukansa a bayansa in ya sauka. Wannan nau'in tsawonsa kusan santimita 3 ne, namijin shuɗi da baƙi. Ana samunsa a yammacin Turai da arewacin Afirka, kuma ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin halittun da ke dab da shiga barazana. A Birtaniya, inda ya fi yawa a New Forest da tsaunukan Preseli da kwarin kogin Itchen, dokar kare namun daji ta 1981 ta hana a kama shi ba tare da lasisi ba. A nemi izini kafin a taɓa wurin da yake.

Da farko a duba ruwan. Ana son ƙorama marar zurfi da ke fitowa daga maɓuɓɓuga, tana gudu a hankali, ba ta ƙafewa, rana kuma tana dukanta. Dalili shi ne tsutsarsa kan yi shekara 2 a cikin ruwa a Birtaniya kafin ta yi fiffike. Ƙafewa sau ɗaya tak ta isa ta hallaka tsara biyu.

Sai kiwo, wanda shi ne ginshiƙin aikin. Mutane da yawa na zaton killace wuri a kore dabbobi shi ne kariya, alhali wannan mazarin rashin kiwo ne ke kashe shi. Da zarar shanu da dawaki sun daina zuwa, dogayen ciyayi su rufe ruwan, bishiyoyi su yi inuwa, tsire-tsire masu taushin kara da macen ke saka ƙwai a ciki su ɓace. A mayar da shanu 'yan kaɗan su riƙa cin ciyawar gaɓa, kofatansu na buɗe laka nan da can. In gaɓar ta koma caɓi zalla, dabbobin sun yi yawa, a rage. Tumaki ba su cika amfani ba, domin suna gudun danshi.

A sare sarƙaƙiyar da ke inuwa a lokacin hunturu, a bar 'yan kurmi nesa kaɗan su tare iska.

In yashewa ta zama dole, a yi ta guntu-guntu cikin shekaru, kada a taɓa duk tsawon ƙoramar lokaci guda, kada kuma a ƙara mata zurfi. Babbar mota mai haƙa takan kwashe laka da tsutsa tare, ta bar gaɓa a tsaye, ruwa ya riƙa gudu da ƙarfi. A hana takin zamani gangarowa daga gonaki, don yana haifar da gansakuka.

Wurin da za a gyara ya zama kusa da inda mazarin yake tun asali. Ba shi da ƙarfin tashi, yawancinsu ba sa yin nisan mita 50 a rayuwarsu.

Ƙidaya kuwa a watannin Yuni da Yuli ake yi. A bi gaɓa ɗaya kowace shekara, da tsakar rana, ranar da babu iska sosai kuma zafi ya kai digiri 17. Maza ake ƙirgawa, don matan sun fi ɓuya, kuma suna kama da na wasu nau'o'in.