Yadda za ka zama mutumin da ba a tsoron kawo wa mummunan labari

Akwai wata 'yar jarrabawa da kowa zai iya yi wa kansa, ko kai oga ne a wurin aiki, ko uba, ko babbar yaya, ko kawai aboki. Yaushe rabon da wani na ƙasa da kai ya tako da ƙafarsa ya ce maka "na yi kuskure" tun kafin ka gano da kanka? Yaushe rabon da wani ya kalle ka ya ce abin da ka yi jiya bai kamata ba? In ka daɗe kana lalube ba ka tuno ba, toh kar ka yi murna. Kuskuren ana yinsa kullum, kai ne dai ba a kawo maka labari. Kuma wanda ba a kawo wa labari ba zai gyaru ba, ba zai iya riƙe mutane ba, abokansa ma gaisuwa ce kawai ke haɗa su.

Wata malama a jami'ar Harvard mai suna Amy Edmondson ta ci karo da wannan a shekarun 1990, lokacin tana bincike kan kurakuran ba da magani a asibitoci. Ta ɗauka rukunin ma'aikatan da suka fi haɗin kai su za a samu da ƙarancin kuskure, sai lissafi ya fito a juye, su ne ma suka fi yawan kuskure a rubuce. Da aka bi diddigi sai aka ga ashe su suna faɗa ne in sun yi, sauran kuwa kowa ya rufe bakinsa don tsoron faɗan shugaba. A 2012 kamfanin Google ya fara nazarin rukunan ma'aikatansa 180 don ya gano me ke sa wasu su fi wasu, kuma abin da ya zo a kan gaba shi ne wannan dai, mutum ya san zai iya tambaya ko ya amsa laifinsa ba tare da an tozarta shi ba.

Toh ta ina ake farawa?

Daga fuska. Ka ɗauka yaronka a ofis ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya shigo yana murza yatsu, ya ce "Oga dan Allah akwai 'yar matsala, takardar nan da aka ce in tura, na tura wa wani daban." Daƙiƙa goman farko su ne komai. In ka yi tsaki, ka jefar da biro, ka ce "kai kullum sai ka ja mana", ka gama koya masa darasi, kuma darasin shi ne gobe ya ɓoye. Shi kaɗai ma da sauƙi, kafin a tashi aiki duk ofis ɗin sun ji yadda aka kwashe. Abin da za ka yi shi ne ka ja numfashi, ka ajiye abin da ke hannunka, ka ce "ka kyauta da ka faɗa da wuri, zauna, yaushe ka tura, wa ya gani?" Ranka a ɓace yake, na sani, ba wanda ya ce ka yi dariya. Amma ka raba abu biyu, a kashe wutar tukuna, maganar yadda aka yi ta tashi a yi ta daga baya in kowa ya huce. Da aka ce babba juji ne ai wannan ake nufi, abin da ba daɗi a kanka za a zube shi, in ka ƙi ɗauka kuma za a samu wani lungu a zuba inda ba ka gani har sai ya yi wari.

Sai sauraro, kuma nan zan daɗe don nan ne kusan kowa ke faɗuwa, har masu ganin sun iya. Yawancinmu in ana mana magana jira muke a kai aya mu saka tamu, wani lokaci ma ba ma bari a kai. A 1984 wasu masu bincike biyu a Amurka, Beckman da Frankel, sun naɗi hirar likitoci da marasa lafiya, suka samu cewa a tsakaice daƙiƙa 18 kacal likita ke bari kafin ya katse mara lafiya. Mutumin da aikinsa kenan ya ji ciwon mutane fa. Balle ni da kai da muke sauraro ido ɗaya na kan waya.

Don haka wayar nan ka kife ta, ko ka sa ta aljihu gaba ɗaya. Ka bar mutum ya kai ƙarshe. In ya yi shiru kar ka yi saurin cike gurbin, ƙirga ɗaya zuwa biyar a zuciyarka, sau da yawa ainihin maganar bayan shirun nan take fitowa, ta farkon share fage ce kawai yana gwada ka ya ga ko za ka iya ɗauka. Wanda ya fara da "aikin nan ya yi min yawa" in ka ba shi fili za ka ji ashe mahaifiyarsa ce kwance ba lafiya sati uku bai yi barcin kirki ba.

Masanin halayyar ɗan Adam ɗin nan Carl Rogers yana da wata doka da ya ba masu gardama, wai kafin ka faɗi naka sai ka maimaita abin da ɗayan ya ce, da kalmominka, har sai shi da kansa ya yarda eh haka yake nufi. Gwada ta sau ɗaya da matarka ko mijinki ko abokin aiki ka ga wahalarta. "Wato in na fahimce ki, ba dawowata a makare ba ce ta ɓata miki rai, rashin kiran ne?" In ta ce a'a ba haka ba, sai ka sake. Za ka sha mamakin yadda rabin rigimar ke mutuwa a nan, saboda ashe kowa da abin da yake faɗa a kai.

Kuma ka riƙa tambaya kafin ka buɗe jakar shawara: "so kake mu nemo mafita ko dai in saurare ka kawai?" Mu masu son gyara abu muna da wannan cutar, mutum bai gama ba mun jero masa hanya uku, alhali shi ya san hanyoyin tun tuni, nauyin kawai yake so ya sauke. Kalmomi irin su "ai wannan ba komai ba ne", "wasu sun fi ka shiga uku", "ni da nawa ya faru", duk ka ajiye su. Da niyya mai kyau ake faɗarsu amma abin da mai ji ke ji shi ne ka yi shiru haka nan.

Wani abu da ba a cika kula da shi ba, mutane da labari mai daɗi suke fara auna ka. Shelly Gable da abokan aikinta sun wallafa bincike a 2004 da ya nuna yadda kake karɓar albishir ɗin mutum yana da alaƙa sosai da ƙarfin zamanku. Ƙanwarka ta kira tana rawar murya ta ce "Yaya na samu aikin!" Kana iya cewa "toh madalla" ka ci gaba da danna waya. Kana iya cewa "hmm, amma fa wurin da nisa, albashin ma nawa ne?" Kana iya juya maganar ka fara ba ta labarin naka ofis ɗin. Ko kuma ka tsaya cak ka ce "kai! Alhamdulillah, ba ni labari, yaya aka yi, wa ya kira ki, me kika ji da kika ga saƙon?" Na ƙarshen nan kaɗai ke gina wani abu. Wanda ka kwantar masa da murna yau, ranar da ya shiga matsala ba kai zai nema ba.

Haka ƙananan abubuwa. John Gottman, wanda ya shafe shekaru yana nazarin ma'aurata a Amurka, ya lura da 'yan ƙananan kiraye-kirayen da mutum ke yi wa abokin zamansa, irin "zo ka ga wani abu" ko ajiyar zuciya ko turo maka wani bidiyo na shirme. Da ya bibiyi sababbin ma'aurata bayan shekara 6, waɗanda ke tare har lokacin sun kasance suna amsa irin wannan kira kashi 86 cikin 100, waɗanda suka rabu kuwa kashi 33. Ba sai an yi wani abin a zo a gani ba, ɗago kai ne kawai ka ce "mene ne?"

In kana tunanin duk wannan ƙarin kwalliya ne, akwai wani bincike da jami'ar Harvard ta fara tun 1938, aka bi rayuwar maza 724, wasu ɗaliban jami'ar wasu yaran unguwannin talakawa na Boston, tun suna samari har tsufa, yanzu ma an koma kan 'ya'yansu. Shugaban binciken na yanzu, Robert Waldinger, ya ce da suka duba mutanen a shekara 50, gamsuwarsu da zamansu da mutane ta fi yawan kitsen jininsu nuna wanda zai kai 80 da lafiya.

Yanzu ɓangaren da ya fi ɗaci, naka laifin. Ba wanda zai zo haka kawai ya gaya maka, musamman in kai ke sa hannu a albashinsa, sai ka nema. Kuma akwai yadda ake nema. In ka tsaya a mitin ka ce "akwai mai ƙorafi a kaina?" wallahi shiru za ka ji, sai wani ya ce "ai Yallaɓai komai lafiya lau." Ka kira mutum ɗaya, ku biyu, ka ƙuntata tambayar: "abu ɗaya da in na daina aikinka zai yi sauƙi, mene ne?" ko "a mitin ɗin ɗazu ina ne na yi abin da bai yi ba?" Zai ce babu. Ka ce ya yi tunani gobe za ka sake tambaya, kuma ka sake ɗin. Ranar da ya daure ya faɗa, ko da ka ga bai fahimce ka ba ne, bakinka zai yi ƙaiƙayin kare kai, ka danne. "Na gode, zan duba" ya isa. Sannan ka gyara wani abu da ido zai gani cikin satin, ko ƙarami ne, ka koma ka ce masa "maganar nan da ka yi ce ta sa." Daga nan labari zai zaga da kansa. A mitin kuma ka riƙa yin magana a ƙarshe, don da zarar oga ya faɗi ra'ayinsa kowa sai ya gano ashe shi ma haka yake gani.

Kar wani ya ɗauka wai tausayi shi ne ka zama mara ƙashi kowa ya taka. Ni a ganina shugaban da ke ganin yaronsa na lalacewa ya yi shiru don kar a ce ya cika faɗa, kansa yake tausaya wa. In za ka gyara wa mutum, ku keɓe, ka faɗi abin da ya faru da ranar da ya faru da abin da ya jawo, ka bar halinsa da asalinsa a gefe. "Rahoton Litinin ya zo Laraba, sai da muka ɗage zama da mutanen" ya fi "kai malalaci ne" sau dubu, don na farko ana iya gyarawa, na biyu sai dai a yi musu. Sai ka tambaye shi me ya faru, ka ji, ku tsayar da abin da za a yi da lokacinsa. Uzurinsa na iya zama gaskiya kuma duk da haka aikin dole a yi shi, biyun ba sa karo.

Kai ma kana da iyaka. Wanda ya zama kunnen kowa in bai yi hankali ba sai ya wayi gari ya ƙone, ya fara jin haushin mutanen da yake taimako. Ba laifi ka ce "yanzu kaina ya cika, ba zan ba ka hankalina yadda ya kamata ba, bari in kira ka da yamma", in dai za ka kira ɗin. In kuma abin da mutum ke ɗauke da shi ya fi ƙarfin hira, kamar ya daina ci ya daina barci ko yana maganar cutar da kansa, ka taimaka masa ya ga likita ko ƙwararre, ka raka shi in da hali. Kuma kai ma ka samu naka mutum ɗaya ko biyu da kake sauke wa.

Duk wannan ba a ɗaukarsa rana ɗaya. Zaɓi guda, ka ɗaure shi da wani lokaci takamaimai, irin dabarar da masani Peter Gollwitzer ya yi bincike a kai: in kaza ya faru, zan yi kaza. "In wani ya shigo ofis ɗina, zan kife waya." "In aka kawo min matsala, kalmar farko ita ce na gode." Ya fi "daga yau zan zama mai haƙuri" da ba ya kai Juma'a. Maganar wai kwana 21 ke kafa ɗabi'a kuma kar ka riƙe ta, binciken Phillippa Lally a Landan ya samu tsakaicin kwana 66, wasu 18 wasu har 254, kuma tsallake rana ɗaya bai rushe komai ba. Ranar da ka kasa, ka daka wa wani tsawa, ka same shi kafin a kwana ka ce "ɗazu na yi maka ihu, bai kamata ba, dawo mu ƙarasa maganar." Kar ka haɗa da "amma kai ma", wannan a bar shi sai wani zaman.