Yadda Nake Koya wa Ɗalibai Girman Jinom da Zaren Tela

Idan ka rubuta wa 'yan aji "biliyan 3" a allo, za su kwafa su manta. Shi ya sa nake shiga aji da zare da almakashi da awon tela.

Fara da auna zare mita 2, ka ba ɗalibai biyu su riƙe bakinsa su miƙe shi. Kusan tsawon DNA ɗin da ke naɗe a cikin ƙwayar halitta guda ɗaya ta jikinmu ke nan. DNA shi ne sinadarin da ke ɗauke da bayanan gadon halitta, jimillar waɗannan bayanai kuwa ita ake kira jinom. Sai ka bayyana musu cewa haruffa huɗu ne kacal aka jera a kai: A, T, G da C. DNA ɗin kaso biyu ne, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, kowanne da haruffa wajen biliyan 3.1. Wanda zai karanta kaso ɗaya, harafi guda kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai ya shafe kusan shekara 100.

Daga nan a yanka zaren gida 46, adadin kuromozom ɗinmu (guntayen da DNA ya kasu a cikin ƙwayar halitta), wato biyu-biyu sau 23. Kada a yanka daidai wa daida. Na 1 ya fi kowanne tsawo, ya ɗan haura santimita 8, na 21 kuwa bai kai santimita 2 ba.

Wurin da na fi daɗewa shi ne na gaba. Ɗauki jar biro ka shafa wa kamar santimita 3 na zaren, ɗigo-ɗigo a warwatse. Iyakar ɓangaren da ke ɗauke da umarnin haɗa furotin ke nan, ƙasa da kashi 2 cikin 100, a ƙwayoyin gado kusan 20,000. Dole wani ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to sauran fa?" Ka kiyayi ce masa shara ne, domin a ciki akwai masu kunna ƙwayoyin gado da kashe su, akwai kuma jeri mai yawan maimaituwa wanda ya wahalar da masana ƙwarai. An fara aikin karanta jinom a 1990, aka sanar da kammalawa a 2003, amma ragowar kusan kashi 8 cikin 100 sai a 2022 aka cike.

A ƙarshe ka ɗauko guntun da ka kira na 11. A kansa ne harafi ɗaya tak, A, ke komawa T, ya canza sinadarin da ke ɗaukar iska a jini. Wanda ya gaji wannan canji daga ɓangare ɗaya shi ne AS, wanda ya gada daga uwa da uba duka shi ne SS, mai ciwon sikila. A nan ka bar su su yi ta tambaya kan gwajin jini kafin aure, ko da an kaɗa ƙararrawa.