Babi na 6: Shagon Gado da Haƙƙin Yaron Shago

Darasi na 1: Wa ke ba da umarni?

Da yawa cikinku a wannan aji namu na Tawa sana'ar gado kuke yi: shago, ɗinki, ko fataucin albasar Galmi zuwa Yamai. Alhaji ne mai dukiya, babban ɗa ke riƙe da makulli, Hajiya kuma tana aiko yara su ɗauki sukari. To, yaron da kuka ɗauka aiki fa, maganar wa zai bi? Alhaji ya ce ya share shago, ƙanen Alhaji ya aike shi tasha, ya dawo a ce yawo ya tafi. Na san yaron da aka cire wa kuɗin katan ɗin sabulu daga albashinsa, alhali cikin gidan maigidan aka kai sabulun. Ba wanda ya rubuta, sai shi ya biya. Har yau abin yana ci mini rai.

Ku zauna da iyali ku fitar da mutum ɗaya mai sa aiki, shi ne kuma mai biya. Abin da aka ɗauka don tukunyar gida, a rubuta shi da sunan gida.

Darasi na 2: Rubuta albashi

Ku buɗe sabon littafi. Ku ja layi uku daga sama zuwa ƙasa, sun ba ku gida huɗu ke nan. Gidan farko, na hannun hagu, kwanan wata. Na biyu suna, na uku kuɗi, na huɗu sa hannu ko dangwalen yatsa.

A gida na uku ake faɗuwa. Da baki muna ƙirga dala (dala ɗaya sefa biyar ce), amma a takarda sefa ake rubutawa. Dala ɗari biyu ita ce jika guda, a rubuce 1.000. Ɗaya, sannan sifiri uku. Ku ƙirga da yatsa: ɗaya, biyu, uku.

Tun watan Janairun 2024, mafi ƙarancin albashi a Nijar jika arba'in da biyu ne a wata. Ku rubuta 42, ku sa ɗigo, ku ƙara sifiri uku: 42.000. In kun sa sifiri biyu kawai, kun rubuta 4.200, kun cinye wa bawan Allah guminsa a takarda. Kada ku ji kunya, kowa da haka ya fara. Ku goge ku sake. Jika goma: 10, ɗigo, sifiri uku. Jika ashirin da biyar: 25, ɗigo, sifiri nawa? Uku.

Haba iyayena, haba ƴan uwa! Sati uku muna kan wannan, har yanzu ina ganin sifiri biyu a littattafai. Wanda ke ƙirga buhun albasa ɗari bai ɓata ba, sifiri uku ba su fi ƙarfinsa ba. Ba a gwadawa a gida ne. Yau kowa ya rubuta sau goma kafin ya kwanta.

Darasi na 3: Ɗan gida da bare

In ɗanka da ɗan wani aiki ɗaya suke yi, a shafi ɗaya za ka rubuta su, rana ɗaya za ka biya su. Bashin da yaro ya karɓa a tsakiyar wata, a rubuta a gabansa.

Darasi na 4: Rajista

Doka ta ce a yi wa ma'aikaci rajista a CNSS, wato asusun ƙasa na fansho da kare ma'aikata. Ku je ofishinsu ku tambayi takardun da ake bukata, ku tafi da littafin.